Wutsiyar Kada, Ƙwallon Merv Camilleri

Ranar da Merv Camilleri ya yi ritaya daga tuƙin jirgin ƙasan ɗaukar rake, abokan aikinsa na masana'antar sukari suka rasa abin da za su ba shi, sai suka saya masa ƙwallon bolin, wasan nan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan layin katako don a zubar da kwalabe goma. Sabuwa fil, koriya mai ɗigon ruwan zinare, ko huji ɗaya ba a yi mata ba. Da sun san abin da za ta jawo mana, da agogo suka ba shi.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta Masu Yankan Rake: ni Clarrie, da Sione Fonua maƙwabcin Merv, da Ossie wanda ba ya magana sai an taka shi, da Merv ɗin wanda yake magana ko ba a taka shi ba. Wasa dai ba laifi, yana iyawa. Tsohuwar baƙar ƙwallonsa takan miƙe sambal ta zubar da kwalabe bakwai ko takwas cikin goman nan, wani lokaci ma duka. Amma in ka saurari bakinsa, shi ya koya wa rabin garin Mackay riƙon ƙwallo, sauran rabin kuma hassada ce ta hana su koyo.

A shekarar muka kai wasan ƙarshe, abin da ba mu taɓa yi ba tun gashinmu yana baƙi. Da 'yan garin Sarina za mu kara, kyaftin ɗinsu kuwa Trevor Hocking ne, yayan Noelene matar Merv. Tun ranar ɗaurin aurensu Trevor yake faɗa wa duk mai sauraro cewa ƙanwarsa baki ta aura, mutumin kuwa ana nan ana jiran isowarsa. Saboda haka a wurin Merv zancen ya wuce na kofi.

Muka raka shi wurin Thelma Dunstan, mai gidan bolin, wadda ita take huda wa kowa ƙwallo a garin. Ta jujjuya ƙwallon, ta ce ya kawo hannu ta auna. Irin waɗannan ƙwallaye akwai wani curi mai nauyi a cikinsu, inda aka sa hujin yatsu daga wannan curin shi ke sa ƙwallo ta miƙe ko ta lanƙwasa. Thelma ta ce za ta yi masa tsari mai ɗan lanƙwasa kaɗan, daidai da hannunsa, tunda jifansa a hankali yake tafiya.

Merv ya mayar da hannunsa aljihu.

"A hankali? Thelma, ke fa tela ce mai ɗinki ɗaya. Kowa a garin nan kin sa masa riga iri guda."

"Kowa kuma tana rufe masa tumbi," in ji ta. "Kawo hannun."

Bai kawo ba. Ya rungumi ƙwallonsa, ya juyo gare mu, ya sanar da cewa ya daɗe yana ɗauke da wani tsarin huji a kansa wanda ba a taɓa gani ba. Ƙwallo za ta tafi a miƙe kamar ba ta san komai ba, har ta kusa faɗawa lambatun gefen layi, sannan ta juyo ta sheme kwalabe gaba ɗaya. Sunan tsarin Wutsiyar Kada. Da hannunsa zai huda, a garejinsa. Thelma ta ce to, in ya gama ya kawo mata gawar ta gani.

Aikin farko shi ne gano inda curin yake. Akwai 'yar alama a jikin ƙwallon wadda masu ƙera ta suka sa don wannan, amma Merv ya ce da gangan suke sa ta a gurguwar hanya don kada talaka ya gane sirrin. Shi zai bar ƙwallon ta faɗa da bakinta. Ya ɗora ta a saman gangaren ƙofar gidansa ya sake ta, wai duk gefen da ta karkata nan nauyin yake. Ba ta karkata ko'ina ba. Ta gangara, ta tsallaka titi, ta shige ƙarƙashin shingen tsohuwa Doris Zammit, ta bi ta kan tukwanen furanninta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a akurkin kaji. Kaji suka watse har kan rufin mota.

Doris tana zaune a barandarta da kofin shayi, ba ta ko tashi ba. Ta ce masa tukwane shida ya zubar, saura huɗu, ko zai sake jefawa ya cike? Merv ya fito daga akurki da gashin kaza a gashin bakinsa, ya ce mata abin da ta gani yanzu bincike ne, kuma ya samu amsar da yake nema. Ya ɗauko jan bakin Noelene ya zana gicciye a daidai inda kashin kaza ya manne, ya ce nan curin yake.

Kafin azahar duk layin sun ji. Doris ba ta da aiki sai waya.

Huda ita ma ta zo da nata. Ƙwallo ba ta zama wuri ɗaya, don haka ya sa ta a babbar tukunyar Noelene, wadda take dafa miyar zomo in dangi sun taru, ya cusa tawul a gefe. Ni da Sione muka tsaya a bakin gareji, daga inda gudu zai yi sauƙi. Ya ɗora injin huda, ya danna da duk nauyinsa. Ƙarfen ya shiga, ya cije, sai tukunya da ƙwallo suka fara juyawa tare, Merv na bin su a zagaye yana rawa da ƙafa ɗaya. Da ƙarfen ya kuɓuce, sai ya zame ya huda gindin tukunyar. Noelene ta leƙo ta taga, ta dubi tukunya, ta dubi jan bakinta da ya zama guntu a kan benci, ta rufe tagar a hankali. Sione ya raɗa mini cewa ya fi tsoron wannan rufe tagar a kan ihu.

Duk da haka ya samu huji uku. Ya share gumi, ya ce mu matso mu ga yadda gwani yake auna yatsa da ido kawai. Ya zura babban yatsansa, ya shiga da ƙyar. Ya ja, bai fito ba.

Da farko cewa ya yi haka ake so, ƙwallo da hannu su saba da juna. Ya zauna a kujera ya ɗora ta a cinya yana ba mu labarin wani jifa da ya yi a Townsville tun muna samari. Da yatsan ya fara kumbura labarin ya gajarce. Aka sa sabulu. Aka sa man zaitun. Aka tsoma hannu da ƙwallo a bokitin ƙanƙara har leɓensa ya yi shuɗi. Zuwa lokacin maƙwabta sun jeru a kan shinge, kowa da shawararsa. Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Doris ta ce a bar shi haka, ai Noelene za ta huta, tunda mai hannu ɗaya rabin ɓarna zai yi.

Ƙarshe dai Sione, wanda ƙirjinsa ya kai ƙofar firij, ya rungumi ƙwallon, ni na kama Merv ta ƙugu, Noelene ta ba da umarni. Muka ja. Yatsa ya fito da wata ƙara kamar an buɗe kwalba, ni da Merv muka faɗa cikin kwandon wanki, Sione ya yi baya-baya ya saki ƙwallon, ita kuma ta nemi ƙafar mai ita ta sauka a kai.

Yana kwance cikin zannuwan gado yana riƙe da ƙafa ya ce mana yanzu ya tabbatar nauyinta daidai ne.

Da kumburin ya saɓe ya faɗaɗa hujin, muka tafi gwaji. Ya hana kowa jifa a layukan da ke kusa, ya ce a tsaya a kalla don a samu abin faɗa wa jikoki. Ya ɗingisa, ya jefa. Ƙwallon ta tafi a miƙe har kusa da lambatun dama, kamar yadda ya yi alkawari. Muka riƙe numfashi. Sai ta juya, amma dama ta ƙara juyawa, ta faɗa lambatu ta tafi abinta. Ya sake, ta sake. Sione ya tambaye shi ko wannan kadan bahago ne.

Ashe tambayar ta faɗa a kan gaskiya. Da muka matsa masa, sai ya fito da waya ya nuna mana bidiyon da ya ɗan duba, wai don ya ga ko wani ya sace masa tunani. Mutumin da ke cikin bidiyon da hannun hagu yake jifa.

"Na gani mana," in ji Merv. "Gwada ku nake yi."

Daga nan gareji ya zama masana'anta. Ya karɓo gam ɗin da Sione yake like ƙaramin jirgin ruwansa da shi, ya toshe hujin ukun, ya yi sababbi a gefe. Ta tafi a miƙe ba lanƙwasa, ya ce wutsiyar ta yi gajarta. Ya toshe, ya matsa gaba. Ta lanƙwasa tun daga bakin layi, ya ce wutsiyar ta yi tsawo. Ya toshe, ya ƙara matsawa. A hankali hujin suka zagaye ƙwallon kamar an ɗaura mata ɗamara. Da gam ya ƙare, sai ya koma toshewa da toshiyar kwalaben giyar inabi, abin da ya tilasta masa, a cewarsa, shanye kwalaben tukuna. Noelene ta ce a duk aikin nan wannan ɓangaren kaɗai yake yi kamar ƙwararre.

A gwajin ƙarshe ƙwallon ta fara fito. Tana mirginawa tana wani siririn kuka kamar buta a kan wuta. Thelma ta ɗauke ta daga inda ƙwallaye ke dawowa, ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa kusa da kunnenta, ta ce tana jin tari a ciki. Merv ya ƙwace, ya ce numfashi ne.

Shi ya sa ranar wasan, wata Lahadi, muka haɗa baki da Noelene. Ta kulle Wutsiyar Kada a but ɗin mota, ta jefa makullin a jakarta, ta ce masa ta manta ƙwallon a gida. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya ɗauki tsohuwar baƙarsa. Abin haushi, sai ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Gidan ya cika maƙil, 'yan Sarina da rigunansu ja a gefe guda, mutanen layinmu a ɗaya gefen, Doris a kujerar gaba da kwanon fanken cuku tana rabawa. Muna ja, suna ja, har aka zo kan jifan ƙarshe na mutum na ƙarshe, wato Merv. In ya zubar da kwalaben a jifa biyu kamar yadda ya yi ta yi tun safe, kofi namu ne.

Trevor ya miƙe ƙafa a kujerarsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Suruki, ina kadan da muke ta jin labari? A Sarina cewa ake yi ƙadangare ne."

"Yana gida yana hutawa," in ji Merv.

"Gida? To me na ji yana fito a but ɗin motarka da na wuce?"

Ƙarya yake yi, ba abin da ya ji, ita Doris ce ta tsegunta masa. Merv ya juya ya dubi Noelene. Noelene ta dubi silin. Ya miƙa mata hannu, ta ce in ya fita ƙofar nan to ya nemi wanda zai dafa masa abinci. Ya ce ai ba tukunya dama. Ya ɗauki jakar gaba ɗaya ya fita, ya dawo rungume da koriyar ƙwallon, toshiyoyi sun yi mata tsaitsaye. Sione ya rufe fuska da tawul. Ni na roƙe shi da girman Allah da girman shekarun da muka yi tare, ya dafa kafaɗata ya ce, "Mutumina, gyara tsayuwa, za a ɗauke ka hoto."

Ya jefa. Ta tafi tana fito, ba dama ba hagu, ta daki kwalbar gaba a tsakiyar goshi, ta ratsa ta wuce. Takwas suka zube. Biyu suka tsaya, ɗaya a kusurwar dama can ƙarshe, ɗaya a kusurwar hagu, tsakaninsu fili fetal. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallo ya san ba abin da ya fi wannan wuya. Allo ya nuna suna gabanmu da maki ɗaya. In ya zubar da guda, kunnen doki, a sake karawa. In ya zubar da biyun, mun ci.

Muka kewaye shi muna cewa ya ɗauki baƙar ya nufi guda ɗaya kawai. Ya ture mu. Ya sumbaci koriyar, ya tofar da ɗan ɓawon toshiya, ya taka, ya wurga ta da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ta tashi sama, ta faɗo a kan katako da wata irin ƙara. Ta ɗan mirgina, fiton ya ɗauke, sai kawai ta rabe gida biyu daidai kan ɗamarar hujin nan. Rabi ya sulale dama, rabi ya sulale hagu, curin ya fito daga tsakiya ya bi hanyarsa shi kaɗai. Rabin dama ya taɓa kwalbar dama. Rabin hagu ya taɓa ta hagu. Duka biyun suka yi layi, suka faɗi.

Gidan ya ɗauka. Doris ta watsar da fanke sama. Sione ya ɗaga ni kamar jariri. Merv kuwa ya hau kan kujera, ya ɗaga hannu a yi shiru, ya ce yanzu da kowa ya gani zai iya tona asirin: dama tun farko haka ya tsara. Hujin da jahilai suke yi wa dariya layin tsaga ne, ya auna shi don irin wannan rana. Ya ce ba zai riƙe kowa a zuciya ba, har Thelma, in tana so ta zo gareji ya koya mata.

Trevor bai yi dariya ba. Ya je gaban Thelma, wadda ita ce alƙaliyar wasan, ya ce shi dai a saninsa mutum ƙwallo ɗaya yake jefawa, wannan kuwa biyu ya jefa.

"Rabi da rabi nawa ne?" in ji Merv daga kan kujera. "Ko a Sarina ba a koyar da lissafi?"

"Da curin uku ne ma," in ji Trevor.

Aka kaure da gardama. Wasu suka ce guda ta bar hannunsa, wasu suka ce biyu suka isa. Thelma ta shiga bayan injin jera kwalabe, wanda ya riga ya cije yana gurnani, ta fito da gutsattsarin a hannu, fuskarta duk baƙin mai. Ta ɗauki lasifika ta ce a gidanta ba a ƙirga jifan da ƙwallo ta mutu a hanya. Za a mayar da kwalabe biyun, Merv ya sake jifa, da duk ƙwallon da ya ga dama.

Ba mu ji daɗi ba, amma ba mu mutu ba. Guda ɗaya kawai muke bukata mu tsira. Na ɗauko baƙar da hannuna, na goge ta da rigata, na miƙa masa. Bai ko kalle ta ba. Ya je ya zaɓi rabin da hujin yatsu suke jiki, ya zura yatsunsa, ya ce rabin Wutsiyar Kada ya fi cikakkiyar ƙwallon kowa a ɗakin nan, kuma tunda kwalba ɗaya ake nema, rabi ya isa har da canji.

Noelene ta ce, "Mervyn." Cikakken sunansa ke nan. Ko wannan bai tsayar da shi ba.

Ya jefa. Rabin ya yi tsalle ɗaya, ya yi tangal-tangal, ya yi wani juyi kamar mai neman inda zai zauna, sannan ya kife a kan shafaffen gefensa a tsakiyar layi. Ya ɗan ja jiki a kan man katako kamar kunkuru, ya tsaya cak. Kwalabe biyun suna can nesa, ko iskarsa ba ta kai musu ba. Ɗakin ya yi tsit. Cikin wannan shirun wata toshiya ta fice daga hujinta, ta gangara a hankali, ta faɗa lambatu.

Ossie, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya yi gyaran murya ya ce, "Ya yi barci."

Daga nan ba a ƙara jin maganar kowa ba. 'Yan Sarina suna dukan kujeru, mutanen layinmu da suka zo goyon bayanmu sun fi su dariya. Thelma ta ɗauko doguwar tsintsiya ta taka gefen layi ta turo rabin har gaban Merv, ta ce ga gawar nan, ta gani, ya kai ta gida. Trevor ya karɓi kofi, ya zo ya rungumi surukinsa, ya ce masa in an taru cin abincin Kirsimeti kada ya damu da kawo komai, labari ya riga ya samu.

A motarsu na koma gida, ina kujerar baya, gutsattsarin ƙwallon suna kusa da ni an ɗaura musu bel. Noelene ke tuƙi. Muka wuce gonakin rake, Merv ya jingina kai da gilashi yana motsa leɓe kamar mai lissafi. Sai da muka kusa kwanar layinmu ya miƙe zaune.

"Noelene, kin san inda aka yi kuskuren?"

"Na sani," in ji ta, idonta a kan titi. "A coci. Lokacin da fada ya tambaye ni, na ce na yarda."

Merv ya juya maganar sosai a ransa, sannan ya girgiza kai.

"A'a," ya ce. "Huji na bakwai ne."